Ƙofar Magaji Babu Takalma

Aikin Illo gaisuwa ne. Haka aka ce masa ranar da aka ɗauke shi a Bariki, 'yan shekaru bayan Nasara sun ci Sakkwato: ya riƙa shiga birni da hantsi, ya bi gidajen tsofaffin masu sarauta, ya ce Bature na gaishe su. Sauran aikin sai daga baya ya gane shi. In ya koma, Baturen da mutanen gari ke kira Mai Lofe yakan tambaye shi wa ke tari, wa ya yi salla a zaune, wa aka tallafa kafin ya hau doki, wa ya mutu.

Mai Lofe ba ya son jiran mutuwa. In mai sarauta ya rasu da rawaninsa a ka, manyan gari kan zauna su fitar da wani daga cikin gidan, Bature sai dai ya ji labari. In kuwa aka tuɓe shi da ransa don ya gaza, sarauta ta bar gidan ke nan, Bature ya ba wanda ya ga dama.

Bara Illo ya ga tsoho Na'Allah yana laluben butar da ke gabansa. Ya je ya faɗa. Kafin damina ta kankama aka warware wa tsohon rawani a gaban 'ya'yansa, bai kuma ga kakar bana ba. Tun daga nan ake kiran Illo Angulu. In ya ratso unguwa, mata kan janye yara daga hanya.

Ya daɗe da daina tambaya, don ko mutum na bakin kabari iyalinsa za su ce jiki da sauƙi. Takalma yake dubawa. Ƙofar babban mutum tana da takalmanta na kullum: na fadawa, na masu ƙara, na masu zuwa cin tuwo. In baƙin takalma suka yi yawa, masu kyau, na malamai da na tsofaffin abokai, to 'yan dubiya ne.

Ranar nan ta bazara da ya iso Ƙofar Marke, sai ya tsaya cak. Bakin zauren Magaji Jinaidu a share yake fes, har shatin tsintsiya na nan bisa ƙasa. Ko takalmi ɗaya babu.

Unguwarsu ce. Kafin a haifi Illo ubansa ya mutu a hanyar fataucin shanu, Magaji ne ya ba da ragon sunansa. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin wannan ƙofa haka ba, ko a shekarar yunwa.

Yana tsaye Aƙilu wanzami ya fito daga zaure, rataye da zabira, takalmansa a hammata. Da suka haɗa ido Aƙilu ya ɗan ja baya, sannan ya washe baki.

"A'a, Angulu da kansa. Babu mushe nan, ɗana, gaba kasuwa."

"Ina kwana, Baba Aƙilu."

"Lahiya lau. Magaji ma lahiya lau, tun kahin ka tambaya. Ya shiga ɗaka hutawa."

"Mi ya sa ka ɗauke takalmanka?"

"Nawa ne. In na so in ɗora su bisa kai, wa ka hana ni? Kai, ni na yi maka kaciya fa. Kuka ka yi awa ɗan akuya. Yau kuma ni kaka tambaya?"

Illo bai yi dariya ba.

"Wa ya ce a kori mutane daga ƙofa?"

Murmushin Aƙilu ya tafi. Ya waiga dama da hagu, ya kama hannun rigar Illo, ya ja shi ciki.

Magaji na kwance a zaure na biyu bisa buzu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, yawu na bin gemunsa. Idanun ne kaɗai ba su canza ba. Suka sauka kan Illo, daga nan kan takalman Bariki masu igiya da ke ƙafarsa, waɗanda ya manta bai cire ba. Illo ya durƙusa yana kwance su.

Siddiƙu, babban ɗan Magaji, ya miƙe daga gefen uban.

"Baba Aƙilu, kai ka shigo muna da shi?"

"Ya riga ya gani tun waje."

"Ya ga mi? Mun hana kowa zama, mun ce a dakata da dubiya. Ko takalmi ba mu bari ba, don shi."

"Shi na gani," in ji Illo. "Gidan da babu takalmi ko guda, ko makaho ya san akwai abin da ake ɓoyo."

Daga cikin gida ana jin wata na daka a hankali, kamar mai tsoron turmi ya yi ƙara.

Siddiƙu ya ce, "To tahi ka faɗa. Ka saba."

Illo ya dubi ƙasa. "Ba gaisuwa kaɗai na kawo ba. Mai Lofe ya ce Magaji bai je Bariki ba ranar da sauran sunka je. Gobe da hantsi zai zo da kansa."

Aƙilu ya ajiye zabira ya zauna daɓas. Tsohon da ke kwance ya motsa hannun hagu. A hankali ya ɗaga shi, ya kai bisa kansa, ya dafe hular da ke ƙarƙashin inda rawani ke zama. Ya riƙe ta. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba magana ba ce, amma babu wanda bai gane ba.

Illo ya tuna Na'Allah, da yadda ƙyallen ya yi ta warwarewa yana taruwa a ƙasa, tsohon na ta juya kai yana neman inda hannun yake.

"Ku maido da mutane," Illo ya ce wa Siddiƙu.

"Mi ka ce?"

"Fadawa, masu ƙara, masu cin tuwo. Na kullum kaɗai. Kada malamai su zo, kada tsofaffi su zo, Mai Lofe ya san fuskokinsu. A zamnar da Magaji tun kahin a ji ƙarar doki, bayansa ga bango. A naɗa rawani, a ja amawali ya rufe baki har hanci. Kai za ka yi magana a madadinsa, yadda anka saba."

Siddiƙu ya ƙura masa ido. "In tarko kaka ɗana muna, Illo, wallahi…"

"In tarko ne, da ban shigo ba."

Da azahar Illo ya tsaya gaban teburin Mai Lofe. Bature ya cire lofe daga baki, ya tambaye shi da Hausarsa mai tauri yadda ya samu Magajin Marke.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Ƙafa ce ta yi masa ciwo, ta sake shi."

Bature ya dube shi ya daɗe. Sannan ya mayar da lofe.

Washegari ƙofar ta cika. Tsofaffin takalman fade, masu ɗinki, masu tsinkakkiyar igiya, an zube su yadda aka saba, wasu bisa wasu. Wani mahauci ma ya kawo ƙarar maƙwabcinsa ta gaskiya kan magudanar ruwa, yana ta ɗaga murya. Mai Lofe ya sauka daga doki, ya tsallake takalman, ya shiga da nasa. Illo na biye.

Magaji na zaune a ƙuryar zaure cikin alkyabba, farin rawani a kansa, amawali ya rufe rabin fuskarsa. Aƙilu na durƙushe dab da bayansa, mafici a hannun hagu yana yi masa fifita. Hannunsa na dama ba a ganinsa.

"Magaji na yi maka maraba," in ji Siddiƙu. "Magaji na gaishe ka da rana."

Bature ya zauna bisa kujerar da aka kawo masa. Ya tambayi lafiyar unguwa, Siddiƙu ya amsa. Ya tambayi rijiyoyi, Siddiƙu ya sunkuya wajen uban kamar mai sauraro, ya ɗago ya amsa. Zufa ta jiƙa bayan rigarsa.

"Ba da kai nake magana ba," Bature ya ce. "Ina so in ji bakin Magaji."

Mahaucin da ke waje ya yi shiru. Maficin Aƙilu ya tsaya, ya ci gaba.

Illo ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, babba ba ya ɗaga murya cikin taro. Haka anka gada."

"Na sani. Kalma ɗaya ta isa." Ya juya ga tsohon. "Magaji, za ka iya hawa ka zaga ƙauyukanka kafin ruwa ya sauka?"

Ƙirjin tsohon ya ɗaga. Jijiyar goshinsa ta fito. Daga bayan amawali wani sauti ya fito, mai nauyi, a daƙile, amma ya fito.

"Madalla."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya. "Madalla! Magaji ya ce madalla! Lahiya, toron giwa!" Suka cika zauren da hayaniya har ba a jin komai.

A nan Illo ya ga abin. Farin amawalin ya fara jiƙewa ta gefen dama. Tabo ne ƙarami, yana faɗi, yana gangarowa. Hasken ƙofa kuma daidai nan yake sauka. Illo ya miƙe kamar mai gyara zama, ya koma ya tsaya a bakin ƙofa, inuwarsa ta rufe fuskar tsohon.

"Ranka shi daɗe, dokinka na cikin rana."

Bature ya tashi. Maimakon ya juya, sai ya tako har gaban Magaji, ya miƙa masa hannun dama.

Babu wanda ya shirya wa wannan. Hannun ya tsaya a sarari, ja, mai gashi. In tsohon ya ba da hagu, zagi ne. Na dama kuwa yana kwance bisa cinyarsa kamar ba nasa ba.

"Jinjina, ranka shi daɗe," Illo ya ce, muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. "Wanda ke ƙarƙashinka ba ya haɗa hannu da kai. Jinjina yaka yi maka."

Alkyabba ta motsa. Hannun dama na Magaji ya taso a hankali, yatsun a dunƙule kamar yadda ciwon ya bar su, ya kai daidai kafaɗa, ya girgiza. Fuskar Aƙilu ba ta nuna komai ba, sai zufa da ke ɗiga daga haɓarsa. Fadawa suka sake kaurewa da kirari.

Mai Lofe ya janye hannunsa, ya dubi tsohon, ya dubi wanzamin, ya fita.

Magaji Jinaidu ya kai Jumma'a. Da hantsinta ya cika, rawaninsa na kansa, don tun ranar bai yarda an cire masa ba. Kafin a fito da gawa manyan gari sun aiko cewa sarauta tana gidan, Siddiƙu za a naɗa.

Illo ne ya kai labari Bariki, don aikinsa ne.

Bature bai ɗago kai da wuri ba. "Mutumin da ka ce lafiyarsa lau."

"Rai na Allah ne, ranka shi daɗe."

"Wanzamin nan. Fifita yake yi da hagu." Ya buga lofe a gefen tebur, toka ta zube. "Na yi ta tunani, ina hannunsa na dama yake?"

Illo ya sunkuyar da kai. Ya jira a kira dogari, ya jira a ambaci gidan yari. Ya ga Bature ya dubi hanyar birni ta taga, inda mutane ke ta kwarara zuwa Ƙofar Marke. Mamaci ba ya tuɓuwa, su biyun sun sani.

"Cire takalman nan," Bature ya ce. "Na gwamnati ne. Kada in sake ganinka."

Ƙasar bazara ta gasa wa Illo tafin ƙafa tun daga Bariki har ganuwa. Ya manta yadda take. Ya riƙa bin inuwar katanga inda ya samu, inda babu ya taka haka nan.

Takalman ƙofar Magaji sun cika bakin zaure sun malalo har tsakiyar hanya, na malamai, na tsofaffi, na mahauta, na mutanen ƙauye masu ƙura. Wata mata ta hango shi ta ja ɗanta. Wani ya ce, "Ga Angulu nan, ya ji wari." Illo ya tsaya a gefe, bai san ta inda zai ratsa ba.

Aƙilu ya fito, idanunsa jajur. Ya dubi fuskar Illo, ya dubi ƙafafunsa.

"Ina takalman?"

"Sun karɓe."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya sa ƙafa ya ture fade biyu uku gefe, ya buɗe 'yar hanya.

"To shigo, ɗana. Makara na son kafaɗa, ni kuwa tawa tun ranar nan ba ta ɗaguwa."