Bokiti Ɗari Takwas na Baba

Aikina a ofishin ƙididdiga shi ne haɗa jadawali: kowace sana'a a yankinmu, me take samarwa, ruwa nawa take sha, wane datti take turawa kogi. Ranar da na bana ya fito, sai da na sake dubawa. Masu wanki da guga ne a sama wajen shan ruwa da zubar da datti, sun doke har masana'antar fata. Hukumar muhalli kuwa ba ta ɓata lokaci ba, ta ce nan da mako biyu za a rufe wurin wankin bakin kogi. Shekara talatin babana yana wanki a wurin, da kumfar nan ya yi min makaranta.

Na zaro takardun tambayoyin da masu wankin suka cike. Ga ta Baba: bokiti ɗari takwas a rana. Mutumin da bayansa ke ƙara tun a bokiti na ashirin!

Na same shi yana shanya zannuwan gado. Da na matsa masa, ya sosa ƙeya ya ce ai sun ɗauka injin wanki za a raba, wanda ya fi aiki shi zai fara samu. Maƙwabcinsa Dogo ya ce ɗari biyar, shi kuma ina zai yarda Dogo ya fi shi? Haka suka yi ta ƙari, su goma sha biyu, har suka shanye kogin a takarda.

Haushi ya cika ni, dariya kuma ta hana ni faɗa. Shugabata ta ce ba ta son labari, in kawo awo na gaske. Kwana biyar ina zaune a benci a wurin wankin, duk bokitin da aka ɗebo in jefa tsakuwa a gwangwanin mai shi. Na Baba bai taɓa wuce arba'in ba. Dogo ya leƙa ya kwashe da dariya, sai da aka zazzage nasa aka ga talatin da ɗaya.

Da hukuma ta ga sabon awon, ta janye umarnin, da sharaɗin su haƙa ramin tace kumfa kafin ruwan ya isa kogi. A yini ɗaya suka haƙa shi, suna tsokanar juna. Ni kam don murna har da ƙwalla.

Da yamma Baba ya miƙo min rigar aikina, ya goge ta sumul.

"Uwata, a takardar baɗi ki rubuta arba'in ɗin nan," in ji shi. Ya waiga, ya rage murya. "Amma ki sa na Dogo a layin da ke ƙasa da nawa, inda kowa zai gani."