Baya Uku, Gaba Uku

Ranar Asabar aka fitar da sanarwar, kuma tun daga ranar abinci bai sake yi wa Tela daɗi ba. Auta, 'yarsa mai gyaran waya, ita ta karanta masa, don rubutun ƙanana ne. Kamfanin wasan zai hana duk wani ɗori, ya kuma nemi shugaban kowace ƙungiya ya aika da sunan wanda ake zargi. Wanda aka kama, za a rufe masa ƙofa har abada.

Wasan na jiragen ruwa ne. Mutane daga garuruwa daban-daban suna shiga ta intanet, biyar-biyar, su yi tseren kai kaya daga wannan tsibiri zuwa wancan, a kan wani teku da ba shi da wari ba shi da kifi. Ɗori kuwa shi ne abin da ɗan wasa ke haɗawa da kansa ya liƙa wa wasan. Wani ya sa wa jirginsa fenti, wani ya sa masa kiɗa, wani mugu kuma ya sa abin da zai riƙa gani ta cikin hazo alhali sauran suna lalube.

Ɗorin Tela dabam ne. Shekara biyu da suka wuce ciwo ya shanye masa hannun dama, ya bar masa ƙafafu. Auta ta ja waya daga fedar keken ɗinkinsa zuwa tsohuwar kwamfuta, ta rubuta abin da zai sa wasan ya ji maganar fedar. In ya danna da yatsu jirgi ya yi gaba, in ya danna da diddige ya yi baya. Hagu ce ke juya akala. Ita ta raɗa masa suna Kunkuru a wasan, wai don ya yi daidai da saurinsa.

Ba son teku ya kai Tela can ba. Shugaban ƙungiyar, wanda ake kira Shaho, ɗansa ne na fari. Shekara bakwai ke nan da Tela ya ɗora dutsen guga mai zafi a kan akwatin wasan yaron, ya ce gida ɗaya ba zai ɗauki shi da wannan shirme ba. Yaron ya dubi robar tana narkewa, ya ɗauki jakarsa, ya fita, ya canza lamba. Auta ce ta tsinci muryarsa a wani bidiyo na 'yan wasan. Tun daga nan kullum da yamma Tela yana sa abin ji a kunne, ya kashe makirufo, ya saurari ɗansa yana cewa, "Kunkuru, riƙe dama, akwai dutse." Wata goma sha ɗaya bai taɓa cewa uffan ba. 'Yan ƙungiyar sun ɗauka bebe ne, shi kuma ya bar su a haka.

Matsalar ita ce ba wanda ya ƙi jinin ɗori kamar Shaho. Sau uku masu gani ta cikin hazo suna ƙwace musu nasara. Tela ya sha jin sa yana cewa ko ɗorin fenti ne a share shi, don ta ƙofar da mai fenti ya bi ɓarawo ke bi.

Ranar Talata saƙo ya zo daga Shaho: gobe da ƙarfe huɗu Kunkuru ya zo, akwai magana.

Tela ya ce, "Cire wayar fedar nan. Cire ta yanzu, kafin su gani."

Auta tana leƙa cikin wata waya ta gilashin ƙara gani, ba ta ko ɗago ba. "In na cire, Baba, da me za ka tuƙa? Da hanci?"

"Ke dai ba ki da kunya."

"Gado na yi. Ka buɗe baki kawai ka ce ni ne. Yaya ba dodo ba ne."

"In ya ji ni ne, zai fita. Ya taɓa fita, ina tsaye ina kallo."

Ta ajiye gilashin. "In kuma ka yi shiru, su fitar da kai. Ko ta ina dai fita ce."

Washegari ya buɗe shago da wuri, ko da yake ba shi da aikin da ya wuce ɗinke bakin zani da hagu. Sau biyu allura ta soke shi. Yana ta kallon agogon bango, yana ganin kamar dogon hannun ya ƙara kaifi. Wani ƙadangare mai guntuwar jela, wanda kullum yake hawa taga ya kalli tekun tare da shi, yau bai zo ba, Tela kuma ya ƙi jinin hakan ƙwarai. Ya tuna yadda yake yawan tambayar kansa inda jiragen suke kwana in an ɗauke wuta. Yau ya ga amsar ta ba shi tsoro: watakila ba sa kwana ko'ina.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan Auta ta rufe teburinta ta zo ta tsaya a bayansa. Ya sa abin ji a kunne. Tafin ƙafarsa ya jiƙe da gumi har yana zamewa a kan fedar.

Jirage biyar suna tsaye a tashar tsibirin farko. Wanda ake kira Barkono, mai yaji a baki, shi ya fara.

"Ga malam bebe ya iso. Kunkuru, ka ji mu ko? In ka ji, kaɗa jela."

Aka yi dariya. Shaho bai yi ba.

Barkono ya ci gaba. "Na kalli tserenmu guda talatin. Duk inda jirgin nan ya tsaya, sai ya yi baya sau uku, ya yi gaba sau uku, sannan ya tsaya cak. Tasha, bakin dutse, ko'ina. Ba biyu ba, ba huɗu ba. Mutum ba ya haka. Inji ne ke tuƙa shi."

Tela bai taɓa sanin yana yi ba. Shekara arba'in duk inda layin ɗinki ya ƙare sai ya koma baya uku ya dawo uku, don kada zaren ya warware. Ƙafar ce ta riƙe abinta, ba ta yi shawara da shi ba.

Wata murya ta mace ta ce, "Amma ai bai taɓa cin kowa ba. Wane irin ɓarawo ne kullum shi ne na ƙarshe?"

"Ɓarawo marar sa'a," in ji Barkono. "Doka ta ce ɗori, ba ta ce ɗori mai sauri ba."

Sai Shaho ya yi magana, a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi. "Ni ma na sake kallo ɗazu. Kunkuru, ba sai ka ce komai ba. Kunna makirufo kawai, ka kai jirginka wancan ginshiƙin ka tsaya."

Tela ya waiwaya ya dubi Auta yana girgiza kai. Ta miƙa yatsa ta saman kafaɗarsa ta danna maɓallin makirufon, ɗan jan haske ya kama.

Ya taka. Keken ya yi kukansa na kullum, ƙiiƙ a gaba, ƙwas a baya, kukan da ya cika shagon tun kafin a haifi Auta. Yana ta gaya wa ƙafarsa ta tsaya sau ɗaya kawai in an isa. Jirgin ya isa ginshiƙi. Ƙafar ta yi baya uku, ta yi gaba uku.

"Kun gani ko?" in ji Barkono. "Har ƙarar injin ma muna ji."

"Yi shiru," in ji Shaho.

Tela ya zuba ido a kan jirgin Shaho, mai jan tuta, yana jiran ya ɓace daga tashar.

Sai Shaho ya ce, "Har yanzu ba a sa wa keken nan mai ba?"

Tela ya sunkuya ya dubi keken.

"Me ya sa da ƙafa kake tuƙi, Baba? Me ya samu hannunka?"

"Ya mutu," in ji Tela. "Bara waccan. Ƙafar dai tana nan."

Aka ji wani ya ja numfashi. Barkono ya ce ƙasa-ƙasa, "To fa," bai ƙara ba.

Shaho ya ce, "Na aika da sunan tun da safe. Kafin in sake kallo. Ba a janyewa." Ya ɗan tsaya. "Kuma ko yanzu aka tambaye ni, zan ce a hana. Ban san yadda za a raba naka da na ɓarayi ba."

"Na sani," in ji Tela. "Ni ma na taɓa hanawa."

Bai san ko yaron ya ji ba. Tekun ya daskare, jiragen suka tsaya da tutocinsu a miƙe, sannan wani farin akwati ya fito a tsakiyar allon. Bai nemi Auta ta karanta masa ba. Abin kunnen ya yi tsit, irin tsit ɗin ɗakin da aka kwashe kaya.

Ya cire shi ya ajiye a kan keken. A waje wani mai kura yana faɗa da mai mota, rana tana kan bangon da ke tsallaken titi. Ya zauna da ƙafafunsa a kan fedar, bai taka ba.

"Ba shi da lambata," in ji shi.

"Lambar da ke jikin allon shago fa? Ka canza ta ne ban sani ba?"

"Shekara bakwai, Auta. Wa zai riƙe?"

"Wanda ya riƙe kukan keke."

Tsohuwar wayar shagon tana cikin aljihun tebur, tare da maɓallai da guntayen alli. Ya jawo aljihun ya zuba mata ido. Minti biyar. Minti goma. Ya fara lissafin abin da zai ce, duk abin da ya jera sai ya rushe. Da ta fara ruri, maɓallan suka shiga rawa a gefenta, tsoron da ya kama shi ya fi na ɗazu.

"Ɗauka mana, Baba."

Ya goge tafin hagunsa a jikin riga, ya ɗauka.