Sukurun da Ba a Ɗaurewa

Tun da hantsi kafinta ya kifa keken 'yarsa a tsakar gida, sirdi a ƙasa, tayoyi a sama, yana juya feda da hannu yana tsaki. Duk sanda ya canza giya sai sarƙa ta yi ƙaras-ƙaras, ta hau haƙori ta sauko, ta rasa inda za ta zauna.

Ƙarfe biyu 'yar tasa, Auta, za ta fara aiki a asibitin da ke kan tudu. Ranarta ta farko ke nan, kuma motar haya ba ta hawa can.

"Baba, da mun kai wa Baba Ƙarami," in ji ta. "Aikinsa ne fa."

"Ba inda za a kai shi! Mutumin da ya yi rufin gidan nan ne keke zai gagara?"

Gaskiyar maganar, shekara biyu ke nan kafinta ba ya ga maciji da ƙanensa mai gyaran keke, tun ranar da ƙanen ya ce a gaban mutane wai bencin da ya yi masa ya tsage ne don ya cika ɗaure sukuru. Kafinta ya haɗiye maganar, amma ta ƙi wucewa.

Can ya hango wasu 'yan sukurori biyu a jikin giyar baya, kawunansu a waje. Ya ce to, ga ɓarawon! A sana'arsa sukuru sako-sako abin kunya ne. Ya ɗauko sukundireba ya murɗa su tamau, har sai da suka ce wayyo.

Garin neman gira aka rasa ido. Da, sarƙar tana tsalle. Yanzu ta kafe a haƙori ɗaya, ko motsi. Ya tuttula mata mai. Ya ja wayar giya da filaya, wayar ta soke shi a yatsa. Ya zagi keken, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya shure bokitin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙarfe ɗaya ta gota sai ga Auta cikin fararen kayanta, jaka a kafaɗa.

"Bari kawai, Baba. Zan taka da ƙafa."

Tafiyar awa guda ce da rabi, su biyun sun sani. Ba ta yi ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya dubi baƙin hannunsa, kunya ta rufe shi.

"Kira shi," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Ba a jima ba mai gyaran keke ya yi sallama, sukundireba ɗaya tal a aljihu.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yauwa."

Mai gyaran ya tsuguna ya dubi sukurorin nan biyu. Kafinta ya daure yana jiran maganar benci. Ba ta zo ba. Ƙanen ya sassauta su a hankali, yana juya feda yana kasa kunne.

"Waɗannan ba riƙe komai suke yi ba, Auta," ya ce. "Iyaka suke nuna wa sarƙa. Wayar ce ta saki tun farko."

Ya murɗa wani ɗan maɓalli inda wayar ta shiga, rabin juyi, ya ƙara rabi. Sarƙa ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, tak, tak, tak.

Auta ta haye ta fice, ko sallamar kirki babu. Aka bar su su biyu da tabon mai a ƙasa.

Kafinta ya daɗe yana goge yatsu da tsumma.

"Bencin nan," ya ce da ƙyar, "in ba ka jefar ba, ka kawo na sake maka katakon."

Ƙanen ya mayar da sukundireba aljihu.

"Jefarwa kuma? A kansa nake zama kullum, Yaya."