Baitin Gidan Yari

Shekarar da Riskuwa ta shiga aji biyar aka ƙulla zumunci tsakanin makarantarsu ta Birnin Kebbi da wata makaranta a ƙasar Indunisiya. Malama Nazifa, mai koyar da tarihi, ita ke riƙe da shirin. Kowace ɗaliba aka haɗa ta da ƙawa a can, aka ce kowa ta nemo wani abu na kakanninta ta nuna wa 'yar'uwarta. Riskuwa ta samu wata yarinya mai yawan dariya, sunanta Dewi, wadda iyayenta ma manoman shinkafa ne. Dewi ce ta fara turo bidiyon tsofaffin ƙauyensu suna waƙa suna daka a wani dogon turmi mai kama da kwalekwale. Riskuwa na gani ta tuna da kakarta Balaraba ta Argungu.

Ran Asabar ta ari wayar mahaifiyarta ta hau mota zuwa Argungu don ta ɗauki waƙar kakar. Kaka Balaraba ta yi ta noƙewa, daga baya ta gyara zama a gindin mangwaro ta saki murya da waƙar da matan fadama ke yi in ana bugun shinkafa. Da waƙa ta yi daɗi sai ta zarce cikin wani baiti na zambo a kan wani maƙwabcinsu, marigayi Yari, wanda aka ce ya taɓa barin gonarsa da gudu, wando a hannu, don ya ga gungumen itace ya zaci kada ne. Suka yi dariya har da hawaye. Sannan tsohuwar ta kama hannun jikarta.

"Wanga baiti ki yanke shi, kin jiya? Jikokin Yari na nan bayan katanga."

Ana haka Kawu Sunusi ya shigo daga kasuwar albasa. Da ya ji abin da ake ciki sai ya haɗe rai.

"Mi sunka rasa can da za su biɗi waƙar tsohuwa? Ke kin san su? Kin taɓa ganin uban yarinyar?"

"Kawu, aikin makaranta ne."

"Haka suka cewa kullum. Miƙo wayar in gani."

Ya karɓa ya fita zaure da ita, ya daɗe, sannan ya dawo ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Da ta koma gidansu a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ta yanke baitin kamar yadda aka ce, ta tura wa Dewi sauran.

Ba a rufa mako biyu ba mahaifiyarta ta dawo daga biki ranta a ɓace. Waƙar Kaka ta cika wayoyin Argungu. Wani ma ya ɗora mata kiɗa, yara na bin jikokin Yari a hanya suna yi musu ihun kada. Matan gidan Yari sun daina amsa gaisuwar Kaka. Kawu Sunusi ya bugo waya, muryarsa har tsakar gida ana ji.

"Ban faɗa ba? Ga shi sun watsa mu duniya!"

Riskuwa ta shige ɗaki. Nan take duk wani abu na Dewi ya sauya mata kama. Me ya sa take yawan tambaya? Me ya sa ta nace sai an rubuta mata ma'anar kowace kalma? Har dariyar nan tata, yanzu sai ta ga kamar ta wayo ce. Ta ɗauki waya ta rubuta mata da Turanci cewa ta ci amanarta, ta kunyata kakarta, kada ta ƙara neman ta. Dewi ta yi ta kira, ba ta ɗauka ba. Ran Litinin kuma ta kai ƙara wajen Malama Nazifa, malamar ta ce za ta sanar da malaman can.

Sai da aka kwana biyu ta iya daurewa ta kalli bidiyon da ke yawo, a wayar wata 'yar ajinsu. Tana cikin kallo sai ta lura da wani abu. Ga Kaka nan tana kwatanta gudun Yari da hannu. To ai wannan baitin bai taɓa zuwa Indunisiya ba. Ita da kanta ta yanke shi. Da ɓacin rai ya rufe mata ido ko tunanin haka ba ta yi ba, alhali tun ranar farko an ce mata ihun kada yara ke yi.

Zargi ya dawo gida. Ta fara duban 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, tana tuna wa ta taɓa ba wayar. Har Malama Nazifa sai da ta saka a lissafi, duk da ta san yankakken ta nuna mata. Da ta koma gida ta roƙi mahaifiyarta wayar, ta shiga saƙonnin da ba ta saba buɗewa ba. A ƙarƙashin sunan Kawu Sunusi ta tarar da shi: cikakken bidiyon, an tura shi ranar Asabar ɗin nan da ta je Argungu.

Ta nuna wa mahaifiyarta, ita kuma ta ce:

"Yayana ne. Ba ni iya tunkarar shi da wagga magana, ke kuma balle. Mu tahi wurin Inna."

Kaka Balaraba ta saurare su har ƙarshe, ta aika a kira ɗanta. Ya shigo da faɗansa, ya ga wayar a kan tabarma, ya nemi wuri ya zauna.

"Sunusi, wa ka aika ma waƙata?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa don ya kare gidan ya yi. Ya tura wa kansa ne don ya samu shaida, sannan ya saka a rukunin hirarsu na waya na 'yan kasuwar albasa, ya tambaye su ko sun ga irin abin da ake kwasa ana kai wa baƙi. Bai san wanda ya fitar da shi daga nan ba.

"Mutum nawa ke cikin rukunin?" in ji Kaka.

Ta jawo sandarta ta miƙe.

"Ɗauko hularka. Gidan Yari za mu, kai ka yin bayani, ni in ba da haƙuri, tunda bakina ne ya yi waƙar."

Riskuwa ta bi su da kallo har suka fice, tsohuwar a gaba da sandarta. Mutanen gidan Yari sun karɓi haƙurin, ko da yake sai bayan sallar layya matansu suka sake leƙowa.

Saura Dewi. Riskuwa ta gaya wa Malama Nazifa gaskiyar abin da ya faru, sannan ta rubuta wa ƙawar tata doguwar ban haƙuri. Amsa ba ta zo da wuri ba. Da ta zo, gajeriya ce. Dewi ta ce an kira ta ofishin shugabar makarantarsu, an binciki wayarta a gaban mahaifinta, ta yi kuka sosai. Ta ce ta haƙura, amma daga yanzu duk abin da za su aika wa juna ya bi ta hannun malamai.

Haka suka ƙarasa aikin. Ranar da aka haɗa ajujuwan biyu ta majigi, aka sa waƙar tsofaffin Indunisiya, aka bi da ta Kaka Balaraba, yaran can suka yi ta tafi. Riskuwa ta hango Dewi a layi na biyu ta ɗaga mata hannu. Dewi ta ɗan dube ta, sannan ta ɗaga nata.