Gwaten Maman Mirabel

Cokali ya kusa isa bakin Malam Abarshi, tururin gwate na dukan gemunsa, sai ya ji wata sallama daga ƙofa wadda ta sandarar masa da hannu. Ya san muryar nan sarai. Ita ce ke gaishe shi a zaure duk ranar Juma'a, muryar Abdulfattah, mijin 'yarsa ta fari.

A Birnin Gwari, gidan abinci na direbobi ne da baƙi da gwauraye. Magidancin da aka gani a can yana suɗe kwano, to ya ci mutuncin tukunyar matarsa a bainar jama'a. Malam Abarshi ya fi kowa sanin wannan, har wa'azinsa yake yi wa samari a majalisa. Sai dai harshensa bai taɓa halartar wa'azin ba. Tun da hanya ta ɗan lafa motoci suka dawo, masu abinci suka sake hura wuta a bakin tasha, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, kuma kowa ya yanke masa hukunci. Shinkafa da waken Ma'u ba laifi, amma hannunta na rawa in ta zo zuba mai. Farfesun Andrawus kuwa faɗa ne, barkono ya fi nama yawa. Sai da ya ɗanɗana gwaten accan Rosaline, wata mutuniyar kudancin Kaduna da kowa ke kira Maman Mirabel, sannan ya daina yawo. Yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa, tsami daidai, kauri daidai. Wallahi yana son gwaten nan, so na gaskiya.

Kullum bayan azahar yakan jingine kekensa a bayan injin niƙa, ya shigo ta baya, ya zauna a lungu kusa da randa yana kallon bango. In ya koma gida matarsa Azumi ta kawo tuwo, sai ya tsakura ya ce ciki ne ba daɗi.

"A'a, Malamin makaranta, yau ka makara!" Maman Mirabel ta ce wa Abdulfattah da muryarta mai kai wa titi. "Kullum kai ne na farko. Zauna can, benci ɗaya ya rage."

Kullum? Malam Abarshi ya manta da tasa kunyar, wata damuwa ta danne ta. Shekaru suna ta tafiya 'yarsa Juwairiyya na gidan yaron nan shiru, ba goyo, kuma dangin miji sun fara magana ƙasa-ƙasa. Yanzu ga mijin yana cin abinci a tasha kullum. Namiji ba ya guje wa girkin matarsa haka kawai. Auren yarinyar nan ya fara tsagewa ke nan, shi yana nan yana shan gwate.

Bencin da ya rage kuwa shi ne na kusa da randa. Abdulfattah ya ƙaraso da jakarsa a kafaɗa, suka yi ido huɗu. Nan take ya tuɓe takalma ya durƙusa a tsakiyar rumfa, tsakanin ƙafafun direbobi da ɓawon albasa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Tashi, tashi mana."

Ya tashi ya ɗosana a bakin benci kamar mai jiran allura. Malam Abarshi ya tura kwano gaba kaɗan.

"Bismillah."

"Alhamdu lillahi, Baba."

To, shi ke nan. Suruki ba ya cin abinci a gaban suruki. Babba ya ajiye cokali, ƙarami ya zuba wa ƙasa ido, gwate ya shiga hucewa a tsakaninsu. Wani direban Funtuwa da ke gefe ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ci gaba da tuwonsa yana murmushi.

Malam Abarshi ya yi gyaran murya. Bai taɓa kiran sunan 'yar fari ba, ba kuma yau zai fara ba.

"Mutanen gidan suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Masarar da na aiko daga gonar Saminaka ta ƙare ne?"

"Akwai saura da yawa."

"Itace fa? Na san shiga daji sai a hankali yanzu."

"Akwai itace, Baba."

"To tukunya ce ta fashe?"

Abdulfattah ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da ke hawa babur har Randagi ya tsaya gaban aji yana magana tun safe, yau kalma ɗaya ta gagare shi. Shirun nan ya ƙara tsorata dattijon.

"Ka ji, yaro," ya ce a hankali, muryarsa ta sauya. "In wani abu ta yi maka, ni za ka gaya wa. Ni na haife ta, na san tana da taurin kai, a wurina ta gado. Amma kada ka bar mutanen tasha su riga ni sanin halin da gidanka ke ciki. Ka yi mini wannan alfarma."

"Wallahi Baba ba haka ba ne. Ita ce dai... wato..."

Sai ga Maman Mirabel ta iso tana share hannu da zani. Ita ba ta san waye surukin wani ba, kuma ko ta sani ba ruwanta.

"Malam, ina kular? Kawo in zuba wa madam tun da zafi." Ta zaro kular abinci daga jakar Abdulfattah da kanta. "Yau na ƙara yakuwa sosai. Mai ciki ai sai da tsami. Ni lokacin Mirabel har ɗanyen mangwaro na sha da gishiri. Ka gaya mata in ta sauka lafiya, ni zan yi girkin suna!"

Abdulfattah ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Malam Abarshi kuwa ya ɗaga ido ya shiga nazarin kwanon rufi, kamar shi aka ba aikin gyaransa. Bai ji komai ba, bai kamata ya ji ba. Amma wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa, gemunsa ya kama rawa, ya rasa yadda zai tsayar da shi.

Da aka kawo kular ya ce wa kwanon rufin, "Yi sauri kada ya huce. Ka bi ramukan hanyar nan a hankali."

"To, Baba." Abdulfattah ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ɗan tsaya. "Baba, ni ban ga kowa a nan ba."

"Ni ma haka."

Yana fita, Malam Abarshi ya juya bencinsa ya fuskanci ƙofa. "Bismillanku, jama'a!" ya ce da ƙarfi, har direban Funtuwa ya ƙware. Gwaten ya yi sanyi ya daskare, amma bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Da yamma Azumi ta ajiye masa tuwon masara da miyar kuka. Ya ja kwano ya kama ci hannu baka hannu ƙwarya, yana ƙunshe da albishir ɗin da ba shi da bakin faɗa, yana kuma tausayin matar nan da ba ta san komai ba. Ta zauna tana tsince wake, ba ta ko dube shi ba.

"Yau ciki ya yi daɗi ke nan, Malam?"

"Da sauƙi."

"Madalla." Ta bakace waken. "Ni na tura yaron can. Na ce duk inda kekenka ke ɓuya, abincin wurin ba zai yi ƙarya ba. Na kuma ja masa kunne ya riƙa zuwa kafin azahar. Ashe yau ya makara."

Malam Abarshi ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi Azumi, ya dubi tuwon.

"Miyar nan ta yi daɗi," ya ce.

"Kullum haka take," in ji Azumi.