Yayan Hasiya a Bakin Teku

Hajiya Fasuma ba kofuna da farantai ne suka kawo ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba, ko da yake haka ta gaya wa kowa a Maradi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗanta yana can yana loda mata kofuna da farantai a kwantena ba tare da ta ɗaga ƙafa daga rumfarta ba. Ta zo ne ta ce masa ya dawo gida. Tun da mijinta Alhaji ya rasu bara waccan gidan ya yi mata faɗi, ƙannen yaron sun girma ba mai tsawata musu, gwiwa kuma ta fara gaya mata gaskiya. Sau uku tana aika masa saƙo ta bakin ƙanwarsa Hasiya, sau uku amsar ɗaya ce: in Inna na son in dawo, ta faɗa mini da bakinta.

Nan fa maganar ta tsaya, domin Ismaël ɗan farinta ne. A gidan da Hajiya ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta bari a ga ta damu da shi. Goyonsa ma kakarsa ce ta yi. Da yana ƙarami "wancan" take ce masa, da aka haifi ƙanwarsa ya samu ƙarin girma ya koma "Yayan Hasiya". In dole ta kama ta yi masa magana, sai ta juya ta yi wa bango, shi kuma ya ɗauka daga can. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani har shi kansa. Amma ga shi ya kai shekara talatin da shida bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, kuma taurin kan nan a wurinta ya gado shi.

Ranar tafiya Hasiya ta ce, "Inna, za ki iya kuwa?"

Hajiya ta yi mata kallon sama da ƙasa. Matar da ta taɓa sa direban babbar mota ya sauke kaya kaf ya sake lodi da tsakar rana a garin Ɗan Isa, ita ce maganar minti ɗaya za ta gagara? Ta ce wa Hasiya ta je ta duba tukunyarta.

Kwana goma ta yi a Guangzhou, kuma a kwana goman nan ta ci garin. Shi a gaba, ita a baya, suka tattake titin Huanshi Lu da benayen sari na titin Liuhua Lu. Ta koyi cewa "lawban" shi ne mai shago, "meyo" kuma babu, ta riƙa mayar musu da meyo ɗinsu in suka yi mata tsada har su yi dariya su sauko. Kullum in ta kwanta a masaukin matan Maradi sai ta ce gobe za ta yi maganar. Gobe ta yi, sai ta tarar akwai wani shagon tire da ba ta leƙa ba.

A kwana na goma sha ɗaya Ismaël ya ce, "Inna, na kama mana ɗakuna a bakin teku, kwana uku. Kin gaji, ki huta kafin jirgi."

Hajiya ta dubi taga ta ce, "Wai hutu. Mutum da lahiyarsa a tahi a kwantar da shi." Amma a ranta ta ji daɗi, ta kuma gane abin da yaron ya yi. Can babu shago, babu lawban, babu inda za ta ɓuya. Ta ce wa kanta hakan ma ya fi.

Mota ta yi da su kudu wajen awa huɗu zuwa tsibirin Hailing. Otal ɗin gari ne guda: benaye shida farare iri ɗaya sak, kamar an jera ƙwayoyin sukari, da bishiyoyin kwakwa a layi, da 'yan motoci marasa ƙofa masu kai mutum daga wannan bene zuwa wancan. A ɗakinta ta tarar an naɗe tawul an yi masa siffar agwagwa a kan gado. Ta warware shi ta murza da yatsa, ta yarda auduga ce mai kyau. Wurin karin kumallo kuwa sai da ta kifa farantinta ta duba gindinsa, ta gano samfurin nan ne da ta ƙi saye ranar Talata. Ta ci dafaffen ƙwai da shinkafa da kifi, ta barbaɗa yajin da ta taho da shi a jaka. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne kwamin wanka da aka haƙa taku ashirin daga teku. Ga ruwa Allah ya ba su kyauta har ba a ganin ƙarshensa, su kuma sun tona rami sun zuba nasu. Matan wurin dai ta yaba musu, don saboda tsoron rana sun rufe hannu da wuya da fuska, lulluɓin da ko a Maradi sai an tona.

Teku ne kaɗai ba ta samu abin kushewa a jikinsa ba. Ranar farko ta tsaya a gabansa ta daɗe, ta yi kabbara a hankali, ta bar kumfa ya taɓa mata yatsun ƙafa.

Kwana biyu suka wuce. Da la'asar sukan zauna a barandar ɗakinta, kujeru biyu, tasa tana kallon ruwa, tata ta ɗan karkace. Ya ajiye wayarsa kife, abin da ba ta taɓa gani ya yi ba. Ta san jira yake. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambayar ƙarfen baranda, "Ko an sa tiren shayin nan cikin kaya?"

Ya ce, "An sa, Inna."

Ya ci gaba da jira, ita kuma ta tashi ta yi alwala. Haushin kanta ya cika ta, abin da ba ta saba da shi ba, don ita haushin wasu ta saba ji.

Ranar Asabar ita ce ta ƙarshe. Mota za ta zo bayan azahar, jirgi kuma washegari. Da hantsi Hajiya ta yafa mayafi ta sauka ita kaɗai, ta ce bari ta taka bakin ruwa ta jera kalmominta, in ta dawo ta sauke masa su gaba ɗaya. Wayarta tana ɗaki tana caji, katin buɗe ƙofa kuma yana aljihun ɗanta kamar kullum. Ta yi tafiya mai nisa tana faɗa wa teku maganar, kuma a gaban teku maganar tana fita sumul.

Da ta juyo sai ta tarar an canza mata wurin. Motocin ƙarshen mako sun sauke jama'a, rairayin da ta bari fayau ya cika da mutane da laima shuɗiya iri ɗaya har iyakar gani. Benayen nan shida suna tsaye suna kallonta, kowanne ya rantse shi ne nata. Lambar ɗaki ba ta sani ba, ba ta taɓa bukatar sani ba. Ta shiga ɗaya ta fito, ta shiga na biyu ta fito. Tsoro dai bai kama ta ba. Wadda ba ta ɓace a kasuwar Maradi ranar jajibirin salla ba, ba wurin wankan mutane ne zai ɓatar da ita ba. Ta hango wata rumfar katako mai tsawo da jan tuta a kanta, ta nufe ta kai tsaye.

Mai gadin ruwan da ke rumfar, mai ceton masu nutsewa, wata mata ce da za ta yi shekara arba'in da wani abu, rana ta ƙona ta, da usur a wuya. Ta yi magana cikin wayarta, wayar ta maimaita da Faransanci, Hajiya kuwa tana da Faransancin kasuwa daidai gwargwado. Ta bayyana cewa da ɗanta ta zo, kuma ɗakin ne ya ɓace, ba ita ba. Matar ta kira ofishin otal, ta dawo ta ce baƙi 'yan Afirka sun fi ashirin a makon nan, sai da suna. Mene ne sunan ɗan?

Hajiya ta ce, "Yayan Hasiya."

Matar ta faɗa wa ofis, ta saurara, ta girgiza kai. "Meyo."

Hajiya ta karɓi biro da takarda. Rubutu ai ba faɗa ba ne, wannan ko kakarsa ba za ta yi gardama ba. Ta rubuta sunan da ajami, baƙi da wasali tsaf, yadda aka koya mata. Matar ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa, ta haska mata waya, wayar ma ta rasa ta cewa. Ta sake tambaya a hankali, kamar mai magana da wadda rana ta taɓa: wannan ɗan, ɗanta ne na cikinta? Kuma ba ta san sunansa ba?

Hajiya ta ce da Hausa, "Ni da na haihe shi? Na hi kowa sani."

Matar ta ɗaga kafaɗa, ta nuna mata matakala. A saman rumfar akwai makirufo, kuma kowane turke a bakin ruwan yana ɗauke da lasifika. Ta nuna mata da hannu cewa ta kira shi da kanta. Hajiya ta tattare zaninta ta hau, gwiwa tana ƙorafi. Dabara ta riga ta zo mata: za ta ce Yayan Hasiya ya zo wurin jan tuta, shi ke nan, ba ta karya komai ba.

Daga can sama ne ta gan shi. Yana nesa, amma uwa ba ta bukatar tabarau a kan wannan. Ba cikin laimomi yake nemanta ba. Ya shiga ruwa da wandonsa da rigarsa har ƙugu, yana ture igiyar ruwa, yana leƙa ƙasa, ya yi nan ya yi can. Ya tsaya ya ɗora hannu biyu a ka. Babban mutum mai ofis a Huanshi Lu, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu, yana neman gawar uwarsa a teku, kuma yana ƙara nutsawa ciki.

Tausayinsa ya kama ta, da ƙaunarsa, irin wadda ta daɗe tana dannewa har ta ɗauka ta saba. Ta dubi ƙasa. Mutum dubu ne ko fiye, kuma a cikinsu babu surukarta, babu maƙwabciya, babu ko mutum ɗaya da ya san wace ce Fasuma. To, kunyar wa take ji a nan? Ta jawo makirufon kusa da bakinta.

"Isma'ila."

Turakun suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, sunan ya bi bakin ruwa har ƙarshensa. Bai yi mata nauyi a baki ba, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Ta ga ya daskare a inda yake.

"Isma'ila, ni ce. Ban hwaɗa ruwa ba, hito daga ciki. Ina nan bisa wajen jan tuta."

Ya juyo, ya fara fitowa da gudu. Matar ta miƙo hannu za ta karɓi abinta, Hajiya ta ɗaga mata tafi, irin ɗagawar da ke tsayar da 'yan dako.

"Tsaya nan inda kake, tunda na hwara ka ji sauran. Gida ya yi mini hwaɗi. Ina so ka dawo. Wannan ba saƙon Hasiya ba ne, ni ce da bakina. Ranar da aka miƙa ka ga kakarka ina bayan ƙyaure ina kallo, kuma tun ran nan ban daina kallo ba. Duk cikin ɗiyana babu wanda ya kai ka a raina. Ka dawo gida, Isma'ila."

Ta ajiye makirufon. Jama'a suka ci gaba da wankansu da cin kankanarsu, a zatonsu sanarwa ce da wani yare. Ta ce wa matar "shiyeshiye", wato na gode, ta juya ta fara sauka da baya.

Kafin ta kai ƙasa ya iso, ruwa yana zuba daga tufafinsa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya durƙusa a gindin matakalar kamar yadda ake durƙusa wa uwa. Idanunsa sun yi ja, kuma ba gishirin teku ne kaɗai ba.

Can ya ce, "Na ji, Inna. Ki ba ni wata shida in sallami mutane, in miƙa ofis ga wani."

Wannan karon ba turke ta duba ba, fuskarsa ta duba. "Ukku."

"Inna, kwantenonin mutane suna kan ruwa. Huɗu."

"Ukku na ce."

Ya goge fuska da jiƙaƙƙen hannun riga, ya yi 'yar dariya. "To, uku."

Saura mata mataki ɗaya, wanda za ta iya sauka ido rufe. Ta ɗora hannunta a kafaɗarsa ta sauko, kuma ba ta ɗauke hannun ba har suka isa ƙofar otal.