Ranar da Amatullah Ta Ja Fareti

Amatullah, 'yar wani manomin Kafur mai suna Malam Awaisu, tana aji biyar a wata makarantar kwana mai zaman kanta, mai tsarin soja, tsakanin Malumfashi da Funtua. Zaman ya karɓe ta. Ƙaho ke tashinsu sallar asuba, sai gudu, sai gyaran gado da goge takalmi kafin a zo dubawa. Kowane ɗaki da shugabarsa, kowane aji da rabonsa na shara da gona. Ita dai ba ta taɓa riƙe muƙami ba, don ba ta da yawan magana.

Ana saura kwanaki kaɗan ranar ziyarar iyaye, mura ta shaƙe muryar Sada, ɗalibin da ke jan fareti. Saje Maiwada, tsohon sojan da ke horar da su, ya gwada wannan ya gwada wancan, duk muryoyin ba su kai ƙarshen fili ba.

Ran Asabar 'yan ajinsu na cirar ciyawa a gonar makaranta, sai awaki suka kutso ta ɓarakar shinge suka nufi wake. Amatullah ta miƙe ta daka musu tsawa irin wadda take yi a gonarsu. Awakin suka watse, har masu shara a bakin masallaci suka waiwayo.

"Wace ce wannan?" in ji Saje.

"Ni ce, Yallaɓai. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Biyo ni fili."

Da ranar ta zo, ta fito gaban fareti cikin kaki a tsorace. Amma tana cewa "A ƙame!" takalma suka doki ƙasa lokaci guda, tsoron ya tafi. Ta ja su hagu, ta ja su dama, ganga na binta, Sada na gefe da kofin shayin citta yana gyaɗa kai.

Bayan an tashi ta iske mahaifinta a gindin dalbejiya, ya shimfiɗa darduma.

"Wallahi sai da na tambayi na kusa da ni ko 'yar wace ce," in ji shi yana dariya.

"Kai, Baba!"

Ya buɗe kwanon dambun da Inna ta aiko. Ta cire hula, ta kira ƙawayenta biyu da ba a zo musu ba, suka sa hannu, tana tambayarsa ko audugar bana ta fara fashewa.